Ita Ba Ido, Ni Ba Turanci

Shekarun baya, a ƙarshen wata damina mai albarka, lokacin gero ya yi kai har ya fara sunkuyawa, wani abu ya faru da ni wanda har yau idan na tuna sai na murmusa ni kaɗai. Ba a daɗe da shigowar shari'a ba a lokacin. Duk inda ka zauna a Daura maganar zakka ake yi, a rediyo, a gidan suna, har a wajen niƙa. Mutanen da suka saba fitarwa da ƙiyasi suka koma tambayar malamai ƙa'ida. Shekara ce mai daɗi, abinci ya wadata, hankali kwance. Abu ɗaya ne ya so ya ɓata ta, ciwon idon nan na apolo da ya riƙa bin gari gida-gida.

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a wata makaranta a Katsina, tana karatun kwamfuta. Kun san 'yar fari, ba na kama sunanta, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Mahaifinta kuwa "Uwata" yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Shi fataucin dabbobi yake yi, kullum yana tsakanin Mai'adua da Dutsi, shi ya sa da aka ce kowane ɗalibi ya yi aikin kammalawa, ta zaɓi ta rubuta manhajar lissafin zakkar dabbobi. Ka faɗa mata tumakinka nawa, awakinka nawa, ta haɗa su, ta gaya maka abin da za ka fitar.

Ta dawo gida da 'yar kwamfutarta mai naɗewa don ta ƙarasa. Malaminta ya ce ranar Litinin kowa zai kawo nasa, shi da kansa zai gwada a gaban kowa. Wanda nasa ya yi shirme kuma sai wata shekarar, ya zauna yana kallon abokan karatunsa suna tafiya bautar ƙasa. Saura gwajin ƙarshe kawai ta yi, ta wayi gari idanunta sun kumbura sun manne, jajir kamar gauta. Muka je asibiti aka ba mu maganin ɗigawa, aka ce ta guji haske. Ko ƙofar ɗaki aka buɗe sai hawaye ya zubo mata, balle fuskar kwamfuta.

Ranar Lahadi da hantsi na shiga kai mata kunu, na same ta kwance a tabarma ta rufe fuska da ɗankwali.

"Umma," ta ce, "ke za ki zama idona."

"Ni? Ke dai ciwo ya taɓa miki kai."

"Ai kin iya a, ba, ca, da."

Gaskiya ne na iya. Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na haifi uku, a zauren wata makwabciyarmu. Ina karanta Hausa tsaf, da yatsa a ƙarƙashin layi. Turanci ne dai ni da shi sai kallo. Na gaya mata haka, ta ce ba fahimta take so in yi ba, haruffa kawai zan kira mata ɗaya bayan ɗaya, ita za ta haɗa a kanta. Ƙannenta duk suna makarantar kwana, mahaifinta ya tafi kasuwar Mai'adua. Na duba dama na duba hagu, babu kowa sai ni. Na wanke hannu kamar zan taɓa ƙullin waina, na zauna a bakin ƙofa na juya mata baya don hasken kada ya kai gare ta, na ɗora abin a cinya.

Kafin mu fara sai da ta yi mini bayani, don na ce ba zan taɓa abin da ban san kansa ba. Ta ce abin da ta rubuta, kwamfuta ba ta jin sa kai tsaye. Akwai wani abu a ciki da ake kira kwamfaila, shi ne tafinta, shi yake juya rubutun ya koma yaren da injin yake ji. Kuma kafin ya fara, akan ba shi 'yan haruffa na umarni, kowanne da 'yar sanda kwance a gabansa.

"Idan na rubuta -g," in ji ta, "na ce masa ya sa alama a kowace magana, in san daga wane layi nawa ta fito. Idan abu ya lalace sai in bi sawu a hankali in kama shi. Da wannan nake aiki tun da na fara."

"To."

"Idan na rubuta -O2, na ce masa ya taƙaita. Ya cire kewaye-kewaye, ya sake jera maganar yadda ya ga za ta fi sauri."

"Kamar mai aiken da aka ce ya bar gaisuwa ya faɗi saƙo."

"Haka, Umma. Na uku kuma -Wall. Wannan na ce masa, duk abin da ka ji a maganata da bai kwanta maka ba, ka faɗa mini, ko da za ka iya fassarawa a haka. Malam ya ce da biyun nan na ƙarshe zai gwada namu, ni kuwa ban taɓa sa su ba, na bari sai na gama."

Muka fara da wanda ta saba. Da yatsa ɗaya nake neman harafi, in zagaya madannan nan kaf kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, in same shi, in danna. Wani lokacin in danne shi da yawa ya fito guda goma a jere, ta ce in goge. Ta yi haƙuri da ni, na yi haƙuri da ita. Da muka gama na danna babban madannin nan na gefen dama, sannan muka gwada. Tumaki ashirin, awaki ashirin da biyar. Injin ya rubuto ɗaya. Ta ce daidai ne. Muka sa ƙasa da arba'in, ya ce babu zakka. Muka sa ɗari da hamsin, ya ce biyu. Na fara jin kaina kamar ma'aikaciyar banki.

Sai ta ce to yanzu na Malam. Ta ƙara da cewa, "Idan ya gama bai rubuto komai ba, shi ke nan. Idan kin ga kalma mai farawa da e, r, r, to ya ƙi fassarawa ke nan. Idan w, a, r ce, gargaɗi ne kawai, ya dai yi aikin."

Na rubuta, na danna. Sai ga rubutu ya zubo, layi wajen huɗu ko biyar. Na sa yatsa na bi. Babu e, r, r. Amma w, a, r na nan har wuri biyu. A tsakiyar Turancin nan ma na hango kalma ɗaya tamu ta Hausa, "jimla", tana zaune kamar baƙuwa a gidan biki.

Na waiwaya na dube ta. Ɗankwalin ya jiƙe da hawayen ciwo, leɓenta ya bushe, kunun ma ko rabi ba ta sha ba. Ku da kuke karanta wannan kun san yadda aka rene mu. Ba a shiga wajen marar lafiya da labari mai nauyi. Mahaifiyata ko gobara aka yi a gidan mutum, in dai yana kwance, za ta ce masa kowa lafiya, suna gaishe ka. Kuma ai ita da bakinta ta ce gargaɗi ne kawai, ya dai yi aikin.

"Umma, me ya ce?"

"Lafiya lau," na ce.

"Bai rubuto komai ba?"

"Ke dai sha kununki."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, ba ta zaci za ta tsallake haka da sauƙi ba. Ta ce mu huta, idan Baba ya dawo sai ya gwada da kansa, tun da shi ne mai dabbobi. Ta shanye kunun tas ta yi barci. Ni kuwa na fita tsakar gida ina jin na yi aikin lada.

Bayan la'asar sai ga maigidan, da warin awaki da komai. Lokacin ta farka, na koma wajenta. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya gan ni da kwamfuta a cinya.

"Ikon Allah. Yaushe aka ɗauke ki aiki ban sani ba?"

"Alhaji, sannu da zuwa. Faɗi dabbobinka kawai."

"Uwata, kin yarda da wannan sakatariyar taki?"

"Baba, ta fi ni nutsuwa."

Ya gyara tsayuwa ya ce tumaki talatin, awaki ashirin. Ya ce wannan ko yaron da ke kora masa dabbobi ya san guda ɗaya ce. Na rubuta, na danna. Lamba ta fito doguwa. Na ƙirga ta da yatsa daga baya kamar yadda aka koya mana, na sake ƙirgawa.

"Ya ce ka fitar da dubu goma sha uku da wani abu."

Maigidan ya fashe da dariya har da riƙe bango. "Ni? Ko an kaɗo kasuwar Mai'adua gaba ɗaya, an haɗa da abin da ke tsallakowa ta iyakar Kongolam, ba za a cika wannan ba. Uwata, injin nan naki ya fi kowane malami tsanani."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta tashi zaune da ɗankwalin a fuska. Ta ce in sake. Na sake, lambar dai ta dubbai ce. Ta ce in koma na farko, mai -g kaɗai. Muka koma, ya ce ɗaya, cikin ladabi kamar bai taɓa yin laifi ba. Muka dawo na Malam, ya sake haukacewa. Da mahaifinta ya ga abin ba na wasa ba ne, ya daina dariya ya jawo turmi ya zauna.

Ta ce za mu bi sawu. Ta koya mini yadda zan sa shi ya riƙa tafiya layi-layi yana tsayawa, ina karanta mata lambar layin da abin da ke ciki. A na farkon komai tsaf yake tafiya, babu abin kamawa. Kun san yaron da zai kwana yana zazzaɓi, ana isa gaban likita ya hau wasa da kujera? To haka. Sai ta ce mu haɗa -g da -O2 tare. Nan kuma na riƙa kiran layi yana tsalle, daga na gaba ya koma na baya, ya haura wasu bai taka su ba. Na ce ko ni ce na ɓata. Ta ce a'a, tun da an ce ya taƙaita, ya sake jerin maganar ne, bin sawunsa sai mai ido biyu lafiyayyu.

Rana ta fara yin sanyi. Ta koma ta kwanta, ta juya fuska bango. Can na ji muryarta ta canza.

"Shi ke nan, sai baɗi. Da a ce ya ba ni ko gargaɗi ɗaya ne, da na san inda zan dosa. Amma bai ce komai ba. Ban san ta ina zan fara ba."

Ni dai ina zaune, kunnuwana suka yi zafi. Na dubi maigidan, shi ma ni yake kallo, don shekara ashirin da ɗoriya sun isa mutum ya san shirun matarsa.

"To," na ce a hankali, "ya ɗan yi magana."

Ta juyo. "Wa?"

"Shi tafintan. Ɗazu da hantsi. Amma ba faɗa ba ne, irin w, a, r ɗin nan ne."

"Umma, kika ce lafiya lau."

"Ba ki da lafiya. Ko kunu ba ki sha ba."

"Umma."

"Ke kika ce gargaɗi ne kawai."

Maigidan ya cire hula ya rufe baki da ita, kafaɗunsa na rawa. "Wato kin je dubiya ne," ya ce. "Kin gaida marar lafiya, kin ce da sauƙi. Uwata, ki gode Allah ba ta ce kwamfutar tana gaishe ki ba."

Yarinyar nan ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun, ga ido dama yana zuba. Ta ce, "Umma, don girman Allah, sake sa shi. Wannan karon duk abin da kika gani, ko ɗigo ne, ki faɗa."

Na sake rubuta -O2 da -Wall, rubutun ya sake zubowa. Na aza yatsa na fara, harafi bayan harafi, ban tsallake ko ɗaya ba. Na kira lambar layi. Na kira w, a, r, n. Na zo kan "jimla" na karanta ta gaba ɗaya da ƙarfina, don ita kaɗai ce 'yar garinmu a wurin. Daga nan na shiga wata doguwar kalma, u, n, i, n, i, t, i. Ban kai ƙarshenta ba ta daki cinyarta.

"Tsaya, Umma. Na gane. Ban wanke ƙwaryar ba."

Ta yi mana bayani ni da mahaifinta. Jimla wani ɗan wuri ne da ta ware a cikin injin, inda take zuba adadin tumaki, ta ƙara na awaki a kai. Sai ta manta ba ta ce a fara daga sifili ba. Idan ba a ce tafintan ya yi sauri ba, wurin da yake ɗaukowa an yi sa'a babu komai a ciki, shi ya sa watanni tana aiki lissafi na fita daidai. Da aka ce ya yi sauri, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa da hannunsa, da ragowar wata lamba a ciki, ya zuba dabbobin Alhaji a kai. Ta ce irin wannan gargaɗin ma a nata injin ba ya fitowa sai an haɗa umarnin biyu, don sai yana neman taƙaitawa ne yake lura da ƙwaryar da ba a wanke ba.

"Wato tun hantsi ya faɗa," in ji maigidan.

"Alhaji, an kusa kiran magariba," na ce.

Ta sa na buɗe rubutun nata, na gangara zuwa layin, na ƙara alamar daidai da sifili a gaban jimla. Aikin ke nan gaba ɗaya, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ɗaya gargaɗin kuma wani wuri ne da ta ware ba ta yi amfani da shi ba, ta ce in goge layin. Na sake dannawa. Wannan karon babu abin da ya fito, sai 'yar alamar nan tana ƙiftawa.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Baba, leƙa ka gani."

Shi da ko yaƙi da jahilcin bai yi ba, sai ajami, ya leƙo ya ce shi dai ya ga baƙin allo fayau, ko tsutsa babu. Aka sa tumakinsa talatin da awaki ashirin. Ya ce ɗaya. Aka gwada manya, aka gwada ƙanana, duk daidai. Maigidan ya ce to yanzu injin ya shiga hankalinsa, ana iya zama da shi.

Na sha tunanin ranar nan daga baya. Har yau idan na je dubiya "da sauƙi" nake cewa, kuma ban ga ranar dainawa ba, don na ga yadda kalmar take sa marar lafiya ya karɓi kofi ya sha. Amma na gane akwai lokacin da mutum yake miƙo maka idonsa aro. A lokacin nan ba tausayinka yake nema ba, abin da ke gabanka yake so ya gani. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, yarinyar nan ta roƙi injin ƙarfe ya faɗa mata duk abin da ya gani, ya kuwa faɗa, ni mahaifiyarta na tsaya a tsakani na tace. Yanzu tana da nata 'ya'yan, tana koyar da wasu aikin nan, kuma ta ce mini abu na farko da take sa ɗalibanta shi ne su kunna gargaɗi tun ranar da suka fara rubutu, su kuma karanta shi. Ban tambaye ta ko tana ba su labarina ba. Ba na son in sani.

Washegari da safe idon ya ɗan buɗe, amma ba ta iya kallon titi. Na ɗiga mata magani, na aro mata baƙin gilashi wajen makwabta, na sa hijabina mai kyau, na rungumi jakar kwamfutar a ƙirji kamar jaririya. Mutanen unguwa suka yi ta mamakin ganina ina jan hannun 'yar fari a bainar jama'a, na yi kamar ban gan su ba. Muka shiga motar Katsina. A makarantar na raka ta har ƙofar ajin, na miƙa mata jakar, na samu benci a inuwa na zauna ina jan carbi.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito tana laluben bango, na tashi na tare ta. Gilashin ya rufe rabin fuskarta, ban iya karanta komai ba.

"Ke, yaya aka yi?"

"Lafiya lau, Umma."

Na tsaya na dube ta da kyau. "Irin tawa, ko ta gaske?"

Ta kama hannuna ta matse, tana dariya. "Ta gaske."